Majiyyatan Sista a Gwangwanin Madara

Sista ta bar aikin asibiti da daɗewa, amma asibiti bai bar ta ba. Ko baƙo ta yi, kafin ta gama amsa gaisuwa ta leƙa farin idonsa, ta tambaye shi yaushe ya fara wannan tarin. A unguwarsu babu mai kiran ta da wani suna sai Sista, har jikokinta. An ce hali zanen dutse, to nata da guduma aka zana shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a maƙogwaro, shi ne aikin Auta, ’yarta ta ƙarshe. Yarinyar ta yi karatu har karatu ya gaji da ita, aka ɗora mata hula, aka ce daga yau sunanta Dakta. Sista ta san tun farko ba likitancin mutane ba ne, amma ta yi ta sa rai ko na dabbobi ne, shanu ko awaki, abin da dai za a iya faɗa a cikin jama’a. Ashe tsutsa ce. Tsutsar da ke cin ganyen itatuwa a daji, ita Auta ta ƙare ƙuruciyarta a kai. Tun daga ranar Sista ta kafa wa kanta doka biyu: ba ta tambayar Auta komai game da aikinta, kuma ba ta ce mata Dakta, don a ganinta dakta shi ne mai majiyyata. In ƙawayenta suka tambaya sai ta ce, “Tana aikin gwamnati,” ta jawo wata hirar.

Kowace damina, da itatuwa sun yi sabon ganye, Auta kan tattara kayanta ta koma wani gida da ke zaman tashar bincike a bakin gandun dajin katako, ba a sake ganinta sai ruwa ya ɗauke. A bana kuwa da goyo a bayanta, ga mijinta yana aiki a wani gari mai nisa. Sista ce ta ɗaure kayanta ba tare da an roƙe ta ba.

“Ba don tsutsarki zan je ba,” in ji ta. “Don angona zan je, kada ki bar min shi a gindin itace.”

Angon nata, wanda ko haƙori bai gama fitarwa ba, ya yi mata dariya ya kama mata tabarau.

Gidan ɗaki uku ne da kicin, sai ɗan sito a baya inda aka jibge tsofaffin tayoyi. Ɗakin da ya fi kowane girma ba na mutane ba ne. Kejuna ne a jere a kan tebura, an yi su da katako da raga irin ta gidan sauro, kowane an maƙala masa ƙyalle mai launi daban don a san ɓangaren dajin da aka ɗebo mazaunansa. A ciki kuwa tsutsotsi ne jingim, koraye masu ratsin baƙi, suna ta cin ganye ba ji ba gani. Sista ta leƙa sau ɗaya daga bakin ƙofa ta ja da baya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ta faɗa a ranta.

Washegari da hantsi tana shanya kayan yaro sai ta ji yayyafi a daji, tif tif tif a kan busasshen ganye. Ta yi sauri ta fara kwashe shanyar. Direban tashar, wani dattijo mai tumbi da ke zaune a rumfar mota da butar shayinsa, ya yi dariya har yana ƙwarewa.

“Mayar da shanyarki, Sista. Dubi sama, ko gajimare babu. Kashin tsutsa ne yake zuba. Haka za ki yi ta jin sa safe da yamma, har ki saba.”

Ta ɗaga kai. Itatuwan da ke bakin dajin duk an yi musu aski, wasu ma ƙwal, sai jijiyoyin ganye. Ta mayar da shanyar, amma ta matsar da igiyar nesa da inuwa. Shi kuwa Direba tun ranar ta sa shi a layin waɗanda take shirin gyarawa, don mutum ne da ba ya yin aikin yau muddin gobe na nan tafe.

Ba su daɗe da sauka ba Shugaban gandu ya zo da kansa, da takalman daji da fuska a murtuke. Da Sista ta ji an fara zancen aiki sai ta saɓa jikanta ta yi bayan gida da shi, bisa dokarta. Da ta tsaya, da ta ji abin da ya hana ’yarta barci. Shugaban ya gaji da ganin itatuwansa tsirara, ya yanke shawarar yi wa dajin feshin guba gaba ɗaya. Ita kuma Auta shekara da shekaru tana bin sawun wata cuta da ke kama tsutsar nan. Ta lura duk lokacin da suka yi yawa irin haka, cutar kan ɓarke a cikinsu ta share su, ba tare da an kashe ƙudan zuma da tsuntsaye ba. In aka yi feshi, babu sauran abin da za ta nuna, aikin shekarun ya bi ruwa, tashar ma rufe ta za a yi. Matsalar ita ce, tsutsar da ta kamu can ƙololuwar itace take hawa ta mutu, inda ido ba ya kaiwa, ruwa ya wanke gawar. Shi ya sa ake ɗebo su a kawo keji, a jira a ga masu mutuwa.

“Dakta, ni ba na cin alkawari a baki,” in ji Shugaban. “Ki nuna min gawa. In wata ya ƙare ban gani ba, motocin feshi za su shigo.”

Abin da Sista ta gani kawai shi ne Auta ta rako baƙo ta dawo jiki a sanyaye, ta tura abinci gefe. Ta so ta tambaya, amma doka doka ce.

A daren ranar kuma matar da ke canza wa tsutsotsin ganye ta aiko cewa ba za ta samu zuwa bana ba. Auta ta yi ta juya maganar a baki, sannan ta fito da ita da safe tana ɗaura takalmi.

“Mama, don Allah in hantsi ya yi ki sa musu sabon ganye. Direba zai yanko. Ganye kawai, Mama. Kada ki taɓa komai.”

“Me zan taɓa? Ce miki aka yi sha’awa suke ba ni?”

Haka aka fara. Auta kan fita da sassafe da ragar kamu da kwalabe, Direba ya kai ta bakin hanya ya dawo wa butarsa. Sista kuma ta goya angonta, ta sa safar hannu, ta shiga ɗakin kejuna tana toshe hanci. Ranar farko ganye kawai ta sa. Rana ta biyu ta ga ƙasan kejunan ya yi kaca-kaca, ta ce ai share ƙazanta ba taɓawa ba ne. Kafin mako ya zagayo ta san wane keji ne mai haɗama, wane ne mai yanga, har tana yi musu faɗa in suka bar ganye.

A kejin jan ƙyalle ta fara ganin ta. Tsutsa ɗaya ta bar ’yan’uwanta ta haye can saman raga ta tsaya. Launinta ya koɗe, jikinta ya yi sheƙi kamar an shafa mata mai. Sista ta miƙa mata ganye mai taushi, ko kallo. Mace da ta yi rayuwarta tana zagaya gadaje ba ta buƙatar a gaya mata ma’anar wanda ya daina cin abinci ya ware kansa.

“Wannan ba ta da lafiya,” ta gaya wa jikanta. “Kuma dubi yadda suke a cunkushe. In aka bar ta, gobe duk sun kwanta, uwarka ta shiga uku.”

Ta tuna an ce kada ta taɓa komai. Ta kuma tuna rigakafi ya fi magani, kuma wannan karin maganar ta girmi Auta. Ta ɗauko matsefata daga jakarta, ta ɗauko gwangwanin madarar yaro da ya ƙare, ta huda murfin da ƙusa, ta shimfiɗa ganye a ciki ta kwantar da majiyyaciya. Sannan ta yanki filasta ta manna a jikin gwangwanin, ta rubuta launin kejin da ranar, domin a duk inda ta yi aiki ba a kwantar da mutum ba a san daga inda ya fito ba. Ta kai shi sito, ta share kanta ɗaya, ta ajiye.

Washegari uku ta samu. Jibi kuma ta daina mamaki. Gwangwanayen madara suka ƙare, ta koma na tumatir da na kifi, har ta fara matsa wa Direba ya riƙa shan shayi da madara don ta samu mazubi. Sito ya zama ɗakin killace masu cuta, da tsintsiyarsa daban da ruwan wanke hannu a bakin ƙofa. Ba ta gaya wa Auta ba. Da farko don kada a ce ta karya umarni, daga baya kuma don tana son sai sun warke ta mayar da su, ta ce ga shi, ba a banza aka yi shekaru ana jinya ba.

Da yamma Auta kan dawo da laka har gwiwa, ta zuba sababbin kamu, ta bi kejunan ɗaya bayan ɗaya da tocila. Ba masu rai take dubawa ba, waɗannan sun fi ƙarfin ƙirga. Gawa take nema, a saman raga da ƙarƙashin ganye. Kullum sai ta tarar da kejuna fes, tsutsotsi ɓul-ɓul kamar ’ya’yan gata.

“Ko ɗaya babu,” takan ce, ta zauna a bakin tebur.

“Ko ɗaya,” in ji Sista daga kicin, ranta fari tas. Ta ɗauka gajiya ce ta hana yarinyar yin godiya.

Sai dai a sito labari ya sha bamban. Babu wanda ya warke. Sista ta gwada ganye mai laushi, ta gwada inuwa, ta gwada iska, har ruwan sukari ta ɗiga musu da tsinken ashana. Kowace takan haye murfin gwangwani, ta rataye kanta a kife, ta yi baƙi, ta narke ta zama wani ruwa mai wari. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta sha ganin mutuwa, amma ba ta taɓa riƙe ɗakin da kowa ya shiga ba ya fita ba. Kunya ta hana ta faɗa. Duk wanda ya cika sai ta liƙe murfinsa, ta jera su a kwali, ta naɗe da salatif, ta kai wa Direba.

“Ƙona wannan yau ɗin nan. Kuma kada ka buɗe, ƙazanta ce.”

Direba ya shaƙi warin ya kawar da kai. Ya kalli yaron da ke bayanta cikin girmamawa.

“Duk shi kaɗai? Allah ya raya, wannan zai yi ƙarfi.”

“Yau na ce.”

“An gama, Sista.”

Wata ya yi nisa, itatuwa suka ƙara tsiraita, yayyafin nan na daji ya ƙara ƙarfi har yana hana yaro barcin rana. Auta ta rame, ta daina wasa da ɗanta sai dai ta rungume shi kawai. Ana gobe Shugaban gandu zai dawo, ba ta fita daji ba. Ta shiga ɗakin kejuna ta fara naɗe ragar kamu tana jera kwalabe a akwati.

A safiyar ranar ma Sista ta kai wa Direba kwali na ƙarshe, mafi girma, ta wanke sito da ruwan zafi. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayan ’yarta. Tun Auta tana ’yar firamare, in abu ya dame ta haka take jera kaya, a hankali, kamar mai tsoron su ji ciwo. Ta duba dokarta ta farko, ta ga ba ta kai hawayen da yarinyar ke ɓoyewa ba.

“Auta.”

“Na’am, Mama.”

“Wai ni kam, me kike nema a jikin halittun nan?”

Auta ta juyo da mamaki, don tun da ta fara aikin ba ta taɓa jin tambayar daga wannan bakin ba. Ta yi ɗan murmushi mai ciwo.

“Annoba nake nema, Mama.”

“Ki hana ta?”

“A’a, in gan ta. So nake su kamu, su mutu, in nuna wa Shugaba cewa dajin zai yi wa kansa magani ba sai an zuba guba ba. Duk lissafina ya nuna bana ce shekararta. Amma dubi, ban taɓa ganin tsutsa mai lafiya irin ta bana ba. Ko atishawa babu mai yi.”

Sista ta dafa ƙyauren ƙofa.

“In ta kamu, yaya take yi?”

“Takan daina cin abinci, ta hau sama, jikinta ya yi sheƙi. Daga nan ta rataye a kife ta narke. Warin ma kaɗai ya isa shaida. Guda goma zan samu, wallahi da na...”

Ba ta ƙarasa ba, don Sista ta kwance goyo ta danƙa mata yaron a hannu, ta juya ta fita. Matar da ke cewa gwiwarta ba ta son matakala, ita ce ta tsallake kwatar bakin kicin ba ta ko duba ba. Takalmi ɗaya ya fice, ba ta waiwaye shi ba. Tana shan kwanar gidan ta hango hayaƙi yana tashi daga wajen rumfar mota, sai ta ƙara sauri. Garin neman gira ta tsone wa ’yarta ido, kuma da hannunta ta ba da umarnin ƙonawa.

Ta iso tana haki. Direba na tsugune yana fifita gawayi, butarsa a kai tana tafasa.

“Ina kwalin?”

Ya miƙe da sauri yana sosa ƙeya.

“Yanzun nan nake shirin yi, Sista. Shayin nan kawai zan sauke.”

“Ba ka ƙona ba?”

“Ai damina ce, shara ba ta kama wuta. Ga kananzir ya yi wuya. Amma yau ɗin nan, in Allah ya yarda, har da na bayan duk zan haɗa.”

“Waɗanne na baya?”

Ya nuna bayan rumfar da baki, yana jiran saukar faɗa. Can ƙarƙashin wani tsohon tamfol, ga kwalayenta nan a jere tun daga na farko, ko ɗaya bai ga wuta ba. Ƙudaje sun kafa kasuwa a kai. Sista ta zauna daɓas a kan taya, ta dube shi tsawon lokaci.

“Allah ya yi wa lalacinka albarka,” in ji ta.

Direba ya rasa ko amin zai ce.

Auta ta iso da yaro a kafaɗa da takalmin uwarta a hannu. Sista ba ta yi dogon bayani ba. Ta yage salatif, ta ɗauko gwangwani ɗaya ta ɓalle murfin ta miƙa mata. Warin da ya fito sai da Direba ya ja da baya har ya kusa taka butarsa. Auta kuwa ta kai hancinta ta shaƙa kamar an ba ta turare. Ta duba baƙin ruwan, ta duba filastan da ke jiki, ta ɗauki wani gwangwanin, ta ɗauki wani. Sai ta zauna a ƙasa cikin laka, dariya da kuka suka haɗe mata.

“Mama, ke ce? Duk kwanakin nan ke ce kike sace min marasa lafiya?”

“Ba sata ba ce, killacewa ce. Wa zai bar mai cuta a cikin masu lafiya? Kuma ke ba ki ce min so kike su mutu ba.”

“Ba ki tambaya ba.”

Gaskiya ce, kuma ta yi wa Sista ɗaci.

“Na kusa kashe miki aiki,” ta faɗa a hankali.

“Kin kusa kashe ni dai.” Auta ta share ido da bayan hannu tana juya gwangwanin. “Amma dubi, kin rubuta keji, kin rubuta rana. Ƙwayar cutar nan kuma ba ta lalacewa da wuri, ko sun narke tana nan. Tashi, Mama, yau babu mai hutawa. Abin nema ya samu.”

“Matar falke ta haifi jaki,” Direba ya ƙarasa mata, har yanzu yana toshe da hanci. “Ni dai na ji daɗi da ba yaron nan ne ya yi wannan aika-aikar ba. Har na fara jin tsoronsa.”

Yinin ranar a ɗakin kejuna suka yi shi, tagogi a buɗe. Auta na ɗiga baƙin ruwan a kan ’yan gilasai tana dubawa a madubin ganin ƙwayoyin cuta, Sista na jera gwangwanaye bisa launi da rana, tana goge kowane. Direba aka bar wa reno. Can Auta ta matsa gefe ta ce, “Zo ki gani.” Sista ta cire tabarau ta kafa ido. Wasu ’yan ƙananan abubuwa ta gani birjik, suna ƙyalli kamar an watsa gishiri a baƙin faranti. Ta daɗe tana kallo. Abokiyar gabarta ce ta shekara da shekaru, ko ’yar’uwarta, amma ba ta taɓa zaton tana da kyau haka ba.

Washegari Shugaban gandu ya iso da hantsi, da takardar umarnin feshi a aljihun gaba. Ya tarar da wata dattijuwa a bakin ƙofa cikin farar riga da aka goge har tana ɗaukar ido. Sista ba ta san dalilin da ya sa ta sako tsohuwar rigar aikinta a kaya ba, sai yau. Ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta ba shi ƙyallen rufe hanci, duk bai samu damar yin musu ba.

Gwangwanaye sun cika tebura biyu. Auta ta tsaya a gaba, muryarta na ɗan rawa, ta fara gaisuwa tana neman ta inda za ta kama. Sista ta ɗauki tire, ta ɗora matsefata da gwangwani na farko, ta zo ta tsaya a bayan kafaɗarta ta hagu, daidai inda ta saba tsayawa in manyan likitoci na zagayen safe.

“Dakta,” in ji ta, “ga gado na farko. Daga jan keji aka kawo ta, ta daina cin abinci tun ranar da aka kwantar da ita.”

Hannun Auta ya tsaya a kan tiren. Ba ta juyo ba, amma Sista ta ga kafaɗunta sun miƙe. Da ta sake magana, babu sauran rawa a muryar.

Ta bi da shi gwangwani bayan gwangwani, ɓangaren daji bayan ɓangare, ta nuna masa yadda abin ya fara da ɗaya ya koma tuli. Shugaban ya leƙa madubi, ya leƙa gwangwani, ya yi saurin mayar da ƙyallensa.

“Wa ya yi jinyar waɗannan?”

“Ni ce, ranka ya daɗe,” in ji Sista.

“Nawa suka tashi?”

“Ko ɗaya.”

“To, Allah ya sa kada in kwanta a hannunki.” Ya yi dariya a karo na farko, ya tura takardar can cikin aljihu. “Dakta, gani ya kori ji. Ban ce na fasa ba, amma na ɗaga. In dajin ya yi abin da gwangwanin nan ya yi, ke da tasharki sai ku zauna.”

Daga ranar aka hana Sista taɓa marasa lafiya, kuma ta bi umarni, ko da yake in ta ga wata ta haye saman raga sai ta kawar da kai tana istigfari. Kejuna suka cika da gawa, Auta ta dawo cin abinci har da ƙari. Da yamma uwa da ’ya kan zauna a bakin ƙofa, tambayoyi na fitowa daga bakin Sista kamar an ɓalle famfo: me tsutsar ke zama in ta girma, ina cutar ke ɓuya da rani, wa ya fara gano ta. Direba kuwa ya samu lasisi. Duk aikin da aka sa shi sai ya ce a bari tukuna, ba a san alherin da ke cikin jinkiri ba.

Wata safiya Sista na shanya kayan angonta sai ta ji wani abu ya canza, ta rasa mene ne. Ta tsaya da rigar yaro a hannu tana saurare. Tsuntsaye na kuka, butar Direba na tafasa, amma yayyafin nan ya ɗauke. Dajin ya yi tsit. A kan reshen da ya fi kusa da ita, wasu ’yan jajayen ganye sun fara leƙowa, babu abin da ya taɓa su.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce, bayan gaisuwa ta ce, “Wai har yanzu kina dajin? Ni na manta ma, aikin me Autar taki take yi?”

Sista ta jawo kujera da ƙafa ta zauna, ta gyara wa yaro zama a cinya.

“Kina da kuɗi a wayar kuwa?” in ji ta. “Don bayanin da tsawo.”